An nemi a sa ɗan ƙanwata mai sikila cikin binciken jami'a a asibitin koyarwa: mu amince ko mu ƙi?

Kawun Sadiq ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lafiya, musamman waɗanda suka yi karatu ko suke aiki a kwalejojin koyon aikin likita na jami'o'inmu. Ɗan ƙanwata yana da shekara bakwai, an haife shi da sikila, rukunin SS, kuma tun yana goye ake faɗi-tashi da shi tsakanin gida da asibiti. Mahaifinsa yana aiki nesa da gida, shi ya sa ɗawainiyar kai shi ganin likita ta dawo kaina ni da mahaifiyarsa.

A zuwanmu na baya-bayan nan asibitin koyarwar da ake duba shi, an yi masa wani gwaji da ba mu taɓa gani ba. An shafa masa wani ruwa mai kauri a gefen kai, tsakanin ido da kunne, aka ɗora bakin wata na'ura a wurin, muna jin sautin bugun jini yana tashi yana sauka, wasu lambobi kuma suna fitowa a allon kwamfuta. Da aka gama, likitar ta ce lambarsa ta haura 200, wanda ke nuna yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, sai ta rubuta masa maganin haidiroksiyuriya da zai riƙa sha kullum. Bayan nan ne wata ma'aikaciya ta ba mu takardu masu shafuka da yawa, da Hausa da Turanci, ta ce jami'ar tana gudanar da bincike a kan yaran da ke shan wannan magani, kuma idan mun yarda za a riƙa bibiyar lafiyarsa, a ɗebi jininsa lokaci-lokaci, a adana wani ɓangare na jinin. Ta ce mu je gida mu yi shawara.

Da muka kai maganar gida, kakarsa ta ce ba da yawunta ba, domin tana Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 kuma ba ta manta abin da aka yi da 'ya'yan mutane ba. Ni kuwa na shiga tsaka mai wuya. Abin da nake so a fahimtar da ni shi ne, mene ne ainihin wannan bincike da ake yi a makarantun likitoci, wa yake amfana da shi, ina ake kai jinin da aka adana, kuma idan muka ce a'a shin za a daina kula da yaron yadda ya kamata? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Dattijon Fagge ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaron lafiya, ya kuma ba ku ladan jinya. Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata tsoron da take yi yana da tushe, kuma bai kamata wani mai ilimin zamani ya raina shi ba. Ga abin da ya faru, saboda matasan da ba su riski zamanin ba.

A 1996 sanƙarau ya ɓarke a arewacin Najeriya, ya kama mutane sama da dubu ɗari, ya kashe kusan 12,000. Ana tsakiyar wannan masifa ne ma'aikatan kamfanin Pfizer suka sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, suka gwada sabon maganinsu Trovan a kan yara. Yara kusan 200 ne suka shiga, rabi aka ba su Trovan, rabi kuma aka ba su wani maganin da an riga an san shi. Yara 11 suka rasu, 5 daga cikin masu Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta jawo hakan, kuma ya ce ya nemi yardar iyaye da baki, amma iyaye da dama sun ce babu wanda ya gaya musu cewa gwaji ake yi, kuma ba a nuna musu cewa a cikin asibitin nan akwai wasu likitocin agaji da ke ba da maganin da aka saba da shi ba. Sai a watan Disamba na 2000, da jaridar Washington Post ta tono labarin, duniya ta ji. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a (masu tantance bincike kafin a fara shi) da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan watanta baya. An yi shekaru ana shari'a kafin a daidaita da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Ɓarnar ba ta tsaya a kan waɗannan iyalai ba. Lokacin da aka dakatar da allurar rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, wannan labari yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa kafa hujja da su, kuma yaran da ba su ji ba ba su gani ba ne suka shanye a sakamakon haka.

Saboda haka ba zan ce maka ka ƙi ba, amma kada ka sa hannu ido rufe. Mutanen 1996 ba a ba su takarda da Hausa ba, ba a kuma ce su je gida su yi shawara ba. Ku an ba ku duka biyun, to ku yi amfani da su. Na san akwai likitoci a cikinmu, su ne ya kamata su faɗi abin da ya sauya tun daga wancan lokaci.

Ummu Khalil, likitar yara, ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, kun faɗi gaskiya, kuma wannan labari har yau ana karantar da shi ga ɗaliban likitanci a ƙasashe da yawa a darasin ɗa'ar bincike. Malam Kawun Sadiq, zan fara da abin da ya fi gaggawa. Maganin da aka rubuta wa yaron daban, binciken da aka gayyace ku daban. Ko kun shiga ko ba ku shiga ba, ya fara shan maganin kamar yadda aka umarta, kada jiran shawarar iyali ya jinkirta shi, domin lambar da aka gani a kansa ba ta jira. Babu kuma wanda yake da ikon rage masa kulawa don kun ƙi shiga bincike, kuma idan ka karanta takardar da kyau ya kamata ka ga an rubuta hakan a ciki.

Game da wanda yake amfana, bari in ba ka tarihin maganin da ke hannunka, domin kowane mataki nasa daga irin wannan bincike ya fito. A 1910 likita James Herrick na birnin Chicago ya wallafa bayanin wani ɗalibi daga tsibirin Grenada wanda aka ga jajayen ƙwayoyin jininsa sun lanƙwashe. A 1948 wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta lura cewa jarirai masu cutar ba sa nuna alamunta a watannin farko, ta kuma danganta hakan da nau'in himogulobin (sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini) da ɗan tayi ke amfani da shi a cikin mahaifa, wanda ke raguwa bayan haihuwa. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin ɗin masu sikila ya bambanta da na sauran mutane, sannan Vernon Ingram a Jami'ar Kambirij ya gano a 1956 zuwa 1957 cewa bambancin a gurbi guda ɗaya tak yake a cikin dogon jerin sinadaran. Duk wannan aikin ɗakin gwaje-gwaje ne, bai warkar da kowa a lokacin ba. Amma daga lurar Watson ne aka fara neman maganin da zai dawo da himogulobin ɗin jarirai a jikin babba, har aka dace da haidiroksiyuriya, wanda da ma ana amfani da shi a wasu cututtukan daji na jini. A 1995 Samuel Charache na Jami'ar Johns Hopkins ya jagoranci gwaji a kan manya 299, aka ga tashin ciwo ya ragu da kusan rabi ga masu shan maganin.

Gwajin da aka yi wa yaronku a gefen kai, wanda muke kira TCD, yana auna saurin gudun jini a manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan jijiya ta fara tsukewa jinin yakan ƙara gudu, kamar yadda ruwan tiyo ke ƙara ƙarfi idan aka matse bakinsa. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa guda, yaron yana da haɗarin kusan kashi 10 cikin ɗari na shanyewa a kowace shekara in ba a yi komai ba. Wani bincike da Robert Adams ya jagoranta a Amurka, wanda aka wallafa a 1998 a kan yara 130, ya nuna cewa ƙarin jini a kai a kai, kusan kowane wata, yana rage wannan haɗari da kimanin kashi 90 cikin ɗari.

To a nan ne gizo ke saƙa. Wannan amsa ta dace da Amurka, amma duk wanda ya taɓa neman leda ɗaya ta jini da tsakar dare a asibitocinmu ya san ba za mu iya yi wa dubban yara ƙarin jini kowane wata na tsawon shekaru ba. Ga ƙarancin masu ba da jinin, ga kuɗin tantance shi, ga kuma sinadarin ƙarfe da ke taruwa a hanta da zuciya, wanda shi ma sai da wani magani mai tsada ake fitar da shi. Alhali Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, inda aka ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita a shekara. Babu wanda zai zauna a wata ƙasa ya warware mana wannan matsala, domin ba tasa ba ce.

Waɗanda suka tunkare ta malaman jami'o'inmu ne. Likitoci daga Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, irin su Najibah Galadanci da Shehu Abdullahi, da Halima Bello-Manga daga Kaduna, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt a Amurka, sun fara da ƙaramin bincike don ganin ko iyaye za su yarda kuma yara za su jure shan maganin. Daga nan suka yi babban gwajin da ake kira SPRING a Asibitin Aminu Kano da Asibitin Murtala a Kano da Asibitin Barau Dikko a Kaduna. Yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 waɗanda lambarsu ta kai 200 aka raba gida biyu, wasu suna shan miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu a rana, wasu miligiram 20. Sakamakon da mujallar Lancet Haematology ta buga a 2022 ya nuna yara 3 ne suka shanye a rukunin farko, 5 a na biyu, bambancin da bai kai a ce ɗaya ya fi ɗaya ba, kuma duka biyun sun yi ƙasa sosai da abin da ake tsammani ga yaran da ba a yi wa magani ba. Masu shan miligiram 20 kuma sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti.

Malam, likitar da ta rubuta wa ɗan ƙanwarka magani da ƙwarin gwiwa, ta yi ne saboda wasu iyaye 220 a Kano da Kaduna sun karanta irin takardar da ke hannunka sun amince. Ban faɗi wannan don in ɗora maka nauyi ba, na faɗa ne don ka san amfanin binciken ba ya tafiya ƙasar waje kawai.

Abin da ya sauya tun 1996 kuwa, yanzu akwai Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa, akwai kundin ƙa'idojinsa na 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara masa ƙarfi, kuma gwajin magani yana buƙatar izinin NAFDAC. Kowane asibitin koyarwa yana da nasa kwamitin da ke tantance bincike kafin a fara. Ka duba takardar, ya kamata ka ga lambar amincewar kwamitin da hanyar tuntuɓarsa kai tsaye ba sai ta hannun masu binciken ba. Idan babu wannan, ka tambaya, kuma kada ka sa hannu sai an nuna maka.

Ɗan Ɗakin Gwaji ya amsa:

Likita ta amsa mafi yawan tambayoyin, ni zan tsaya a kan jinin da ake adanawa, domin aikina ke nan a sashen binciken jini na wata jami'a. Idan aka kawo mana kwalbar jini daga asibiti, babu sunan yaro a jikinta, lamba ce kawai, kuma littafin da ke haɗa lambar da sunan yana kulle a hannun shugaban binciken. Muna juya jinin a na'ura har ya rabu, ruwan ya taso sama, ƙwayoyin su kwanta ƙasa, mu zuba kowanne a ƙananan kwalabe da ba su kai ɗan yatsa ba, mu jera a akwati mu sa a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Wani ɓangare ana amfani da shi nan take don ƙirga fararen ƙwayoyin jini, wanda da ma dole ne ga mai shan haidiroksiyuriya saboda maganin yana iya rage su, da kuma auna yadda himogulobin ɗin jarirai ke ƙaruwa. Sauran ana ajiye shi ne don tambayoyin gaba, misali dalilin da ya sa yara biyu masu SS, wani lokaci ma uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya yake shan wahala ɗayan kuma da sauƙi. An riga an san wasu ƙwayoyin gado da ke da hannu a wannan, irin su BCL11A, kuma a kan wannan sani ne aka gina Casgevy, maganin sikila na gyaran ƙwayoyin gado, da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, wanda farashinsa a Amurka ya kai dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya.

Wannan farashi ne ya kawo ni ga inda nake ganin Hajiya kakar yaron tana da hujjar da har yau ba a gama amsa ta ba. Mafi yawan kuɗin manyan bincikenmu daga waje yake zuwa, shi kansa SPRING cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka ne suka ɗauki nauyinsa. Asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, TETFund, yana ba da tallafin bincike, amma bai kai yadda zai riƙe ɗakin gwaji na shekaru ba, kuma firizar da na ambata idan wuta ta ɗauke ba a tayar da janareta a kan lokaci ba, aikin shekaru ne yake narkewa. Saboda rashin wasu na'urori, akan tura samfuri waje don a karanta ƙwayoyin gado. Ƙa'ida ta tanadi a rubuta yarjejeniya tsakanin jami'o'in biyu kafin samfuri ya bar ƙasa, kuma shirin binciken ƙwayoyin gado na H3Africa da aka fara a 2010 ya kafa rumbunan adana samfuri a cikin Afirka, ɗaya a Abuja, don rage wannan dogaro. Duk da haka, yana yiwuwa a gano abu da jinin yaranmu, a yi magani da shi, maganin ya fi ƙarfin aljihunmu. Ni a ganina wannan dalili ne na matsa wa gwamnatocinmu lamba su zuba kuɗi a binciken jami'o'i, domin janye yaranmu daga bincike zai bar mu ne muna shan magungunan da ba a taɓa auna su a jikin irinmu ba.

Malam, ka nemi sashen takardar da ya yi magana a kan adana jini. Sau da yawa yana da wurin sa hannu na daban, ta yadda za ka iya yarda da bibiyar lafiyar yaron amma ka ƙi a adana jininsa ko a fitar da shi waje. Ka tambaya shekara nawa za a ajiye shi, kuma idan kun janye daga baya, shin za a lalata abin da ya rage.

Kawun Sadiq ya sake rubutawa:

Baba, Likita, da ɗan'uwa na ɗakin gwaji, na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Yaron ya fara shan maganin. Na duba takardar na ga lambar kwamitin da kuma wurin sa hannu na daban a kan adana jini. Abu ɗaya ya rage mini, Likita. Kin ce a gwajin Kano an raba yara gida biyu. Wa yake zaɓar gidan da yaro zai faɗa, kuma me zai hana a ba wani yaro maganin da babu komai a cikinsa alhali yana cikin haɗari?

Ummu Khalil ta amsa:

Babu mutumin da yake zaɓa, Malam, kwamfuta ce ke yin ƙuri'a. Dalili kuwa shi ne, da a ce likita ke zaɓa, zuciyarsa za ta iya karkata ya sa yaran da suka fi jin jiki a ɓangaren da yake kyautata wa zato, sai sakamakon ya gurɓace ba tare da ya sani ba. A gwajin SPRING ma an ɓoye wa iyaye da likitocin da ke duba yaran adadin da kowane yaro ke sha, don kada sanin hakan ya shafi yadda ake ba da rahoton ciwo ko yadda ake auna shi. Ana yin wannan ƙuri'a ne kawai idan masana da gaske ba su san wanne ya fi a cikin hanyoyin biyu ba.

Game da ƙwayar da babu magani a cikinta, ƙa'idar Helsinki da Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fara fitarwa a 1964, wadda aka sabunta sau da yawa, ba ta yarda a hana mara lafiya maganin da aka tabbatar da amfaninsa ba idan hakan zai jefa shi cikin mummunar cutarwa. Shi ya sa a SPRING babu rukunin da aka bari haka nan, kowane yaro mai lamba 200 ya samu haidiroksiyuriya, adadin ne kawai ya bambanta. Bayan haka akwai kwamitin masana da ba sa cikin masu binciken, waɗanda su kaɗai ke leƙa sakamako ana cikin tafiya, kuma suna da ikon ba da shawarar a tsaya idan wani ɓangare yana cutuwa ko kuma amsar ta riga ta fito. SPRING ɗin ma kafin wa'adinsa aka tsayar da shi, da aka ga ci gaba ba zai nuna wani bambanci a shanyewa tsakanin adadin biyu ba.

Daga yadda ka kwatanta, binciken da aka gayyace ku ya fi kama da na bibiya, inda kowane yaro ke shan abin da likitarsa ta rubuta masa, masu bincike kuma suna rubuta abin da suka gani. Amma ka tambaye su kai tsaye ko akwai ƙuri'a a ciki, ko za a sauya masa adadin magani saboda binciken, sau nawa za a ɗebi jini kuma cokali nawa, da wanda zai biya idan wata matsala ta taso dalilin shigarsa. Ka je da mahaifiyarsa, ku kira mahaifinsa a waya ya ji da kunnensa tunda yardar iyaye ake buƙata, kuma idan Hajiya za ta iya zuwa, ku roƙi shugaban binciken ya zauna da ita ya amsa tambayoyinta da Hausa.